Baƙin da Ake Jira a Telaga Ru

"A'a! Sai yau? Wallahi har mun cire rai, mun ce bana ba za ku zo ba."

Mazlan ya waiga bayansa don ya ga da wa matar take magana. Babu kowa. Titi fetal, sai inuwar itatuwan kwakwa da ta kwanta a kansa, sai kuma motarsa da ya ajiye a gefen rumfar. Matar ba ta ko ɗago kai sosai ba, tana ta juya keropok a cikin mai, murjajjen kifin nan da mutanen gaɓar gabas ba sa yini ba su ci ba.

"Da ni kike?" ya tambaye ta.

"Da wa kuma, Pak Cik?" in ji ta, wato baffa. "Akwai wata koriyar mota mai hoton kunkuru a ƙofa bayan taku? Bara ma nan kuka ajiye ta, a gindin bishiyar can. Zauna, zauna, bari in gaya musu."

Ta goge hannu a zaninta, ta ɗauki waya, ta shiga zuba magana da harshen mutanen Terengganu mai haɗiye ƙarshen kalma. Shi mutumin Klang ne, can gaɓar yamma, abin da ya iya tsinta kawai shi ne, "Sun iso... a shirya Tok," wato dattijo.

Mazlan ya zauna a kan benci. Ya dubi bishiyar. Ya dubi rumfar da kwanon rufinta mai tsatsa. Bai taɓa ganinsu ba. Ko kuwa ya taɓa?

Da a ce shekara biyu da suka wuce aka yi masa wannan maganar, dariya zai yi ya ce an yi ɓatan kai. Amma tun da ya yi ritaya daga ofishin tashar jiragen ruwa abubuwa suke zame masa. Ya taɓa tafiya masallaci da mota ya dawo gida da ƙafa, sai washegari ya gan ta a can. Ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun suna yara. Da ya je asibiti a ɓoye, likita ta yi masa wasu tambayoyi irin na yara, sannan ta ce ya dawo tare da matarsa. Bai koma ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Maimakon haka sai ya yaye tamfol daga kan motar da ya saya, ya ce wa matarsa Zaharah su bi gaɓar teku tunda lokacin zafi ya shigo, ruwa ya kwanta. A ransa yana cewa mutumin da zai iya tuƙa mota daga wannan gefen ƙasa zuwa wancan, ai ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take.

Motar tsohuwar ƙaramar bas ce da aka mayar ɗaki, da murhun gas, da tankin ruwa, da labule, da teburin da ake naɗewa ya zama gado. Ya saye ta kafin azumi, wannan ya tabbata. Ana ruwan sama ranar, dillalin kuma yana da haƙorin zinariya. To amma azumin bana ne ko na bara? Ya matsa wa kansa, ya lalubi ranar ta ko'ina, ya kasa tsayar da ita. Idan na bara ne, to motar tana hannunsa a zafin da ya wuce. Kuma a zafin da ya wuce ya san ya yi wata tafiya shi kaɗai, bikin ɗan wani abokin aikinsa. A ina aka yi bikin?

Zaharah ta fito daga ƙaramin masallacin da ke tsallaken titi tana linke hijabin sallarta.

"Abang, lafiya? Ka yi zuru kamar wanda aka yi wa sata." Abang take kiransa, wato yaya, yadda matan ƙasar suke kiran mazajensu.

"Zafi ne."

Matar rumfar ta miƙo musu leda cike da keropok mai zafi da ɗan ƙullin yaji. "Na hanya ne, kamar kullum. Deraman yana tafe, ku bi shi kawai, don an toshe tsohuwar hanyar."

Zaharah ta dubi ledar, ta dubi mijinta. "Kamar kullum?"

Kafin ya sami abin cewa sai ga wani baƙin mutum kakkaura a kan babur, hular kwano a gwiwar hannunsa maimakon kansa. Ya ɗaga musu hannu yana washe baki, ya juya babur ɗin, ya yi musu alamar su biyo shi.

"Wane ne wannan? Ka san shi?" in ji Zaharah.

Da ya ce bai san shi ba, kuma daga baya ta bayyana ya san shi fa? Mazlan ya gyaɗa kai.

"E. Deraman ne."

"Tun yaushe ka yi jama'a a nan?"

"Shiga mu tafi, ana jiranmu."

Suka bar babban titi suka bi wata siririyar hanya tsakanin gonakin kankana da busassun fadamu. Awaki na kwance a tsakiyar hanya, ba sa tashi sai babur ɗin ya yi musu hon. Zaharah ta karanta wani allo da ƙarfi, "Telaga Ru," sunan ƙauyen da ke gabansu, sannan ta ci gaba da cin keropok ɗinta. Mazlan yana ta kallon kowane gida, kowace kwana, yana jiran wani abu ya motsa a kansa. A wata mararraba hannunsa ya karya sitiyari hagu tun kafin babur ɗin ya karya. Ya san hanyar ke nan? Ko kuwa don ta dama yashi ya cinye ta ne, kowa ma hagu zai bi?

Yara suka fito daga ƙarƙashin gidajen katako suna ihu, "Kunkuru ya zo! Kunkuru ya zo!" Wata tsohuwa da ke shanyar kifi ta ɗaga masa hannu. Shi ma ya ɗaga mata.

"Ita ma ka san ta?" in ji Zaharah.

Ya ci gaba da bin babur ɗin.

Deraman ya tsaya a ƙofar wani gida mai dogayen ƙafafu. Ya sauko ya kama hannun Mazlan da hannu biyu.

"Pak Cik, Allah ya saka. Ni duk zuwan da ake yi ina kan ruwa, sai dai in dawo in ji labari. Matata Jah ta shiga gari sayen magani, na kira ta, ta ce mu yi gaba za ta same mu a can. Tun da iska ta kwanta tsohon nan ya hana mu sakat. Ya ji ƙarar mota sai ya kafe ƙofa da ido."

"Wane tsoho?" Maganar ta kuɓuce wa Mazlan.

Deraman ya fashe da dariya. "Jah ta ce akwai ka da barkwanci! Surukina mana, Tok Embong."

Maƙwabta biyu sun riga sun buɗe ƙofar motar ta gefe ba tare da neman izini ba. Ɗaya ya ɗaga teburin, ya daki wani wuri a ƙasansa da tafin hannu, ƙarfen da kullum yake maƙalewa ya saki nan take. Mazlan ya sha fama da ƙarfen nan a tafiyar, har ya yanke a yatsa. Mutumin ya shimfiɗa gadon, ya ɗaure labule, ya ce, "Har yanzu ba a gyara shi ba ashe."

Mazlan ya yi murmushin da bai san dalilinsa ba.

Sai aka sauko da tsohon a kan katifa, mutum huɗu suna riƙe da kusurwoyinta. An yi masa wanka, an ɗaura masa sabon zani mai gida-gida, an sa masa farar hula. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, amma idanunsa tar suke kamar na yaro. Da aka zo wucewa da shi ta gaban Mazlan, idanun suka tsaya a kansa. Suka daɗe. Tsohon ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya dubi motar, ya rufe bakinsa.

"Ka gani, ya gane ka," in ji Deraman.

Zaharah ta cire takalmanta ta hau baya, ta zauna kusa da kan tsohon, ta gyara masa matashi kamar dama aikinta ne. Ta tambayi Deraman, "Ina za mu kai shi? Asibiti?"

"Wane asibiti, Mak Cik?" ya ce, wato gwaggo. "Teku! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa, yanzu daga gadonsa ko ƙararsa ba ya ji, tun da ruwa ya ci tsohon ƙauyen aka dawo da mu nan ciki. Ba ya iya zama, ƙaramar mota ba ta ɗaukarsa a kwance. Motar asibiti kuwa ba a ba da ita don shan iska. Sai wannan." Ya shafa jikin motar. "Pak Cik bai ba ki labari ba?"

"Pak Cik ba mai yawan ba da labari ba ne," in ji Zaharah.

Mazlan ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka. Zuciyarsa ta rabu biyu. Idan har shi ne yake zuwa yana wannan aikin alheri, to ya kamata ya ji daɗi. Amma wane irin mutum ne zai ɗauki shanyayyen tsoho a motarsa, ya kai shi teku, ya dawo gida, abin ya goge daga kansa kamar ba a yi ba? Me kuma ya rage da ya aikata bai sani ba? Ya leƙa madubi. Zaharah na share wa tsohon baki da gefen mayafinta, idonta kuma a kan ƙeyar mijinta.

Hanyar ta ƙare a cikin wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Bayansu farin yashi ne shimfiɗe har iya ganin ido, babu kowa sai wasu jiragen kamun kifi guda biyu masu fenti ja da shuɗi da aka jawo tudu. Deraman ya nuna masa yadda zai juya motar ƙofar gefe ta fuskanci ruwa. Aka zuge ƙofar. Iska mai gishiri ta shigo ta kaɗa labule.

Tsohon ya ja wani dogon numfashi. Hannunsa mai lafiya ya shiga motsi a kan zaninsa, yana tashi yana sauka daidai da yadda ruwan yake zuwa yana komawa.

Deraman ya tafi neman ɗanyar kwakwa. Zaharah ta ce za ta jiƙa ƙafarta, ta gangara bakin ruwa. Aka bar Mazlan zaune a dokin ƙofar motar, shi da tsohon.

Can ya ji an damƙi wuyan hannunsa. Riƙon masunci ne, har yanzu da sauran ƙarfi. Tsohon na ƙoƙarin magana, harshensa na yi masa nauyi. Mazlan ya kai kunnensa kusa.

"Ba... kai... ba ne."

"Na'am, Tok?"

"Ba kai ba ne. Wancan... dogo. Da gemu."

Mazlan ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Dariya ta taso masa tare da hawaye, ya rasa wadda zai fara. "Ba ni ba ne? Ka tabbata, Tok? Ban taɓa zuwa nan ba?"

Tsohon ya dube shi da mamaki, irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi sunan kansa. Sai kuma tsoro ya shiga idanunsa, ya ƙara matse hannun.

"Kar ka... mayar da ni. Tukuna."

"Ba zan mayar da kai ba. Sai ka gaji don kanka."

Suka zauna haka, hannu cikin hannu, suna kallon ruwa. Mazlan ya ji yunwa a karon farko tun safe.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Jah ta iso a bayan babur ɗin wata mata, da ledar magani a hannunta. Ta taho da sauri tana murmushi, tana cewa, "Cikgu! Cikgu Hamdan!" wato malamin makaranta. Da Mazlan ya miƙe ta ga fuskarsa, sai ta ja ta tsaya. Ta dubi kunkurun da ke jikin ƙofar, ta sake dubansa.

"Ina Cikgu? Shi ya aiko ku?"

"Ban san shi ba," in ji Mazlan, muryarsa har da ɗan alfahari. "Sayen motar na yi."

Deraman, da ya dawo rungume da kwakwa, ya saki baki. "To, Pak Cik, me ya sa ka biyo ni?"

"Kai ka ce in biyo ka."

"Kuma ka biyo? Da ɗan fashi ne ni fa?"

"Da wannan tumbin?" in ji Jah, ta harari mijinta. "Kai ma ka kwashi ubana ka zuba a motar mutumin da ba ka sani ba!" Ta juya ga Mazlan tana ba da haƙuri, kunya ta rufe ta. Ta ce Cikgu Hamdan wani malami ne mai ritaya da ya taɓa kwana a wannan gaɓar, ya saba da mahaifinta tun yana da lafiya. Da ciwon ya same shi, sai ya riƙa zuwa duk zafi yana kawo shi nan su yini. Bana sun kira wayarsa ba ta shiga.

Zaharah ta riga ta hauro daga bakin ruwa tana saurare. Ta jawo Jah nesa da ƙofar motar, ta rage murya.

"Allah ya yi masa rasuwa, 'yata. 'Ya'yansa ne suka sayar da motar. Dillalin ya gaya mana ranar da muka je ɗaukarta, ya ce malamin makaranta ne mai son teku."

Jah ta toshe baki da mayafinta. Deraman ya ajiye kwakwar a hankali yana salati.

Mazlan kuwa ya tsaya yana kallon matarsa. Muka je? Ya tuna ruwan sama, ya tuna haƙorin zinariya. Amma a cikin hoton da ke kansa shi kaɗai ne tsaye a gaban dillalin. Babu Zaharah, babu maganar wani malami. Sauƙin da ya samu ɗazu ya tsiyaye kamar ruwa a yashi.

Ya bar su ya taka zuwa inda jiragen suke, ya zauna a gefen ɗaya. Ba a jima ba ya ji takunta. Ta zauna kusa da shi, ta miƙa masa kwakwar da aka fasa.

"Tun a rumfar matar can na gane motar suka sani," in ji ta. "Na yi shiru ne in ji abin da za ka ce. Sai ka ce min Deraman ne."

"Na ji tsoro ne kada ya zamana na san shi."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, Zah. Na je asibiti. Likita ta ce..."

"Ta ce ka zo da ni. Ai lambata ka ba su, Abang, sun kira ni da ba ka koma ba." Ta kakkaɓe yashi daga ƙafarta. "Ina jira ne ka faɗa da bakinka. Ka ɗauka don son karatu nake karanta maka kowane allo a hanya da ƙarfi tun daga Klang?"

Ya juya kwakwar a hannunsa. Yana so ya ji haushi, ya rasa ta inda zai fara.

"Yaushe muka sayi motar nan?" ya tambaya a hankali. Tambayar da ya yini yana riƙe da ita ke nan.

"Bana. Ana saura mako guda azumi."

"Kina wurin?"

"Ni na riƙe maka lema."

Ya gyaɗa kai. Ya sha ruwan kwakwar, mai sanyi, mai ɗan zaƙi. Daga inda suke suna hango Jah zaune a dokin ƙofar motar tana yi wa mahaifinta magana. Ko ta gaya masa, ko ba ta gaya masa ba, tsohon dai bai ɗauke ido daga ruwan ba.

Sai da rana ta sauka bayan itatuwan, ruwan ya koma ruwan toka, sannan Tok Embong ya lumshe ido ya ɗaga yatsa, alamar ya isa. Deraman ya zuge ƙofar rabi. Jah ta zo wurin Mazlan tana murza bakin mayafinta.

"Pak Cik, ban san yadda zan gode ba. Kuma ban da hurumin tambaya, amma... idan Allah ya kai mu baɗi, ko hanya za ta sake biyowa da ku?"

Mazlan ya buɗe baki zai ce in sha Allahu, yadda kowa yake faɗa. Sai ya tsaya. Baɗi zai tuna da wannan ƙauyen? Zai tuna da ita, da tsohon, da alkawarin? Ya dubi Zaharah.

"Ki ba ni lambarki, ni za ki riƙa kira," Zaharah ta ce wa Jah. Sannan ta miƙo wa mijinta tafin hannu.

"Me?"

"Makulli."

"Ba ki taɓa tuƙa babbar mota ba. Ga yashi, ga mara lafiya a baya."

"Shi ya sa zan fara yau, tun kana iya koya min."

Ya daɗe yana kallon hannun nata. Deraman ya kau da kai yana gyaran madubin babur ɗinsa wanda babu abin da ya same shi. Daga ƙarshe Mazlan ya zaro makullin daga aljihu ya ɗora mata, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, inda bai taɓa zama ba. Kujerar ta yi masa kusa da gaba, gwiwoyinsa na taɓa akwatin ajiya.

Zaharah ta gyara zama, ta kama sitiyarin da hannu biyu, ta tayar da motar. Motar ta yi tsalle ta mutu. Daga baya suka ji wani sauti mai kama da tari. Tsohon ne yake dariya.

"Taka kulocin, na hagun nan, har ƙasa," in ji Mazlan. "Yawwa. Yanzu sake shi a hankali. A hankali, Zah, ba korar ki ake yi ba."